Taswirar gwamnati da taswirar ruwa a Jazirar Sudan

Tun da yaƙin Sudan ya isa jihar Jazira a ƙarshen shekarar 2023, sunayen wasu garuruwa da ba kasafai muke jin su ba suka fara shigowa cikin labaran duniya, irin su Hasahisa, Rufa'a, Tambul, Hilaliya da Manaƙil. Akan jero su a rediyo ba tare da an bambance wanda yake bakin kogi da wanda yake tsakiyar gonaki ba, balle a faɗi wace hukuma ce take riƙe da kowannensu. Na daɗe ina bibiyar al'amuran wannan yanki saboda 'yan'uwanmu Hausawa da suka zauna a can tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa, kuma abin da na fahimta shi ne, wanda ya haddace sunayen ƙananan hukumomin Jazira kaɗai bai san yadda aka raba ƙasar ba. Akwai rabon da gwamnati ta yi a takarda, akwai kuma rabon da ruwan ban-ruwa ya yi a ƙasa, kuma na biyun ne ya fi taɓa rayuwar manomi.

Jazira tana kudu da Khartum, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai baƙar laka da ke tsakanin Shuɗin Nilu, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Habasha, da Farin Nilu. Tana iyaka da jihar Khartum ta arewa, Gadarif ta gabas, Sinnar ta kudu, sannan jihar Farin Nilu ta yamma. Ƙidayar 2008 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 3.5, galibinsu mazauna ƙauyuka masu magana da Larabcin Sudan. A zamanin mulkin Ingila da Masar tana cikin babban lardin Shuɗin Nilu ne, wanda hedikwatarsa take Wad Madani. A shekarun 1970 gwamnatin shugaba Ja'afar Numeiri ta tsaga lardin, daga baya aka sake haɗe yankin a ƙarƙashin sunan Yankin Tsakiya, sai a 1994, lokacin da aka raba Sudan zuwa jihohi 26, Jazira ta tsaya da kanta a matsayin da aka san ta a yau.

Jihar tana da ƙananan hukumomi takwas, waɗanda ake kira mahalliya. Akwai Madani Babba da ta ƙunshi babban birnin da kewayensa, akwai Kamlin a can arewa daf da Khartum, sai Hasahisa a kudu da ita, sai Kudancin Jazira. A yamma akwai Manaƙil da kuma Ƙurashi, wadda ake kira 24 Ƙurashi, ita ce kuma aka ɓalle daga Manaƙil daga baya. A ƙetaren kogi ta gabas akwai Gabashin Jazira da Ummul Ƙura. Kowace mahalliya an sake raba ta zuwa gundumomin mulki, waɗanda yawanci suke ɗaukar sunan garin kasuwa mafi girma a cikinsu, sannan a ƙasan gunduma akwai kwamitocin ƙauye da na unguwa. A zamanin Umar al-Bashir ana kiran shugaban mahalliya mu'utamad, kuma naɗa shi ake yi daga sama. Bayan faɗuwar gwamnatin a 2019 sai ragamar ta koma hannun babban jami'in mulki. Aikin waɗannan hukumomi bai wuce makarantun firamare, ƙananan asibitoci, harajin kasuwa, lasisi da shara ba, kuma kamar yadda aka saba a wurare da dama, karɓar harajin ya fi sauran ayyukan tafiya daidai.

Sai dai kafin a zana ko ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki, an riga an zana wasu da suka fi su zurfi a ƙasa. Turawan Ingila suna buƙatar auduga mai dogon zare domin masaƙun Lankasha, gwamnatin Sudan ta wancan lokaci kuma tana neman hanyar samun kuɗin shiga, sai suka lura cewa ƙasar Jazira tana da gangara kaɗan ƙwarai, wadda ido ba ya gani, daga Shuɗin Nilu zuwa arewa da yamma, ta yadda idan aka tare kogin a kudu ruwa zai bi gonaki da kansa ba tare da injin ba. An fara gwaji da famfo a Ɗayyiba, arewa da Wad Madani, a 1911, aka ƙara a Barakat a 1914, sannan aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, inda aka buɗe shirin noman ban-ruwa na Jazira da fadan 300,000. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, wato ya ɗan ɗara eka. Gwamnati ba ta ƙwace filayen mutane kai tsaye ba, amma ta tilasta musu ba ta haya a kan ƙirshi 10, wato 'yan ƙananan kuɗin ƙasar, kowane fadan a shekara na tsawon shekara 40, ta share tsofaffin iyakokin gonaki, ta sake yanka ƙasar da ma'auni, sannan ta mayar wa mutane a matsayin manoma 'yan haya. Gonar da aka ba kowane mutum ita ake kira hawasha. Tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 aka ƙara faɗaɗa shirin zuwa yankin Manaƙil da fadan sama da 800,000, madatsar Rusairis da aka gama a 1966 ta ƙara ruwa, har jimillar filin ta haura fadan miliyan 2.

Yadda ruwan yake tafiya shi ne ainihin tsarin mulkin wannan ƙasa, don haka ya kamata a bi shi daki-daki. Manyan magudanu biyu ne suke fitowa daga madatsar Sinnar, ɗaya ta Jazira ɗaya ta Manaƙil, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har zuwa wata mahaɗa da ake kira Kilo 57, inda ake raba ruwan. Daga nan babbar magudanar Jazira take miƙewa arewa, rassan Manaƙil kuma su yi yamma. Manyan rassa suna zuba wa ƙananan magudanu, waɗanda manoma suke kira tur'a, kuma an gina su ta yadda za su tara ruwa da dare a saki da rana. Daga tur'a ruwa yake shiga wata hanya da ake kira abu ishirin, wadda take bin tsawon wani fili mai faɗin fadan 90, mita 1,350 a tsaye da mita 280 a kwance. Wannan fili shi ne nimra. Daga abu ishirin kuma wasu ƙananan hanyoyi da ake kira abu sitta suke ratsawa cikin kowace hawasha, inda manomi ko ɗan ƙwadagonsa yake tsaye da fartanya cikin taɓo yana fasa kunya yana toshewa, har ruwa ya gama zagaya gonar. A ƙa'ida kowace gona tana shan ruwa sau ɗaya a cikin mako biyu. Duk waɗanda suke cikin nimra ɗaya dole ne su shuka abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin ba yadda za a yi a ba wani ruwa a hana maƙwabcinsa, kuma wanda gonarsa take ƙarshen abu ishirin ya san cewa abincinsa yana hannun na gaba da shi.

A bisa wannan zane aka ɗora hukuma. An haɗa nimrori da yawa suka zama taftish, wato yankin da sufeto ɗaya yake kula da shi, an haɗa taftish da yawa suka zama sashe, kuma a lokacin da shirin ya kai ƙarfinsa akwai sassa 18 da taftish sama da 100, dukkansu suna amsa umarni daga hedikwatar da ke Barakat, 'yan kilomitoci kudu da Wad Madani. Kamfanin Turawa ne ya riƙe gudanarwar har zuwa 1950, lokacin da aka miƙa ta ga Hukumar Jazira ta Sudan. Sufeto, wanda ake kira mufattish, yana zaune a wani babban gida da ake kira saraya a tsakiyar gonaki, nesa da ƙauye, shi ne yake faɗin ranar shuka da ranar tuge karan auduga a ƙona, shi ne yake aika buƙatar ruwa ga injiniyoyin ma'aikatar ban-ruwa, kuma yana da ikon karɓe hawasha daga hannun wanda ya yi sakaci. A ƙarƙashinsa akwai samad, wakilin manoma da yake isar da umarni, da gafir mai buɗe ƙofofin ruwa da rufe su. Kuɗin auduga kashi uku ake raba shi, kuma rabon da aka daɗe a kai shi ne 40 cikin 100 ga manomi, 40 ga gwamnati, 20 ga kamfani. Manoman sun yi yajin aiki a 1946 a kan kuɗin ajiya da ake cire musu, kuma daga wannan gwagwarmaya ce ƙungiyarsu ta taso ta zama ɗaya daga cikin masu faɗa a ji a siyasar Sudan.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, iyakokin sassan shirin ba su dace da iyakokin mahalliya ba, domin su magudana suke bi. Mutum yana iya zama a ƙauyen da ke ƙarƙashin wata gunduma, gonarsa kuma tana cikin taftish da ofishinsa yake wata gundumar daban, shirin ma gaba ɗayansa ya tsallaka iyakar jihar ya shiga gefen Sinnar da na Farin Nilu. Ba gwamnan jiha ne yake da iko a kansa ba, na gwamnatin tarayya ne. A shekarun da auduga take da daraja, Hukumar Jazira tana ware wani kaso na kuɗin domin raya ƙauyuka, ta haƙa rijiyoyi, ta taimaka wajen gina makarantu, ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, tana kuma da nata jirgin ƙasa mai siririn layi da yake kwaso auduga daga gonaki zuwa masana'antun gurza a Marinjan da Hasahisa da Baƙair. A ganina, a wancan zamani mutumin ƙauye ya fi sanin sufeto a matsayin hukuma fiye da duk wani jami'in lardi.

Wannan tsari ya yi ta raguwa a hankali. A 1981 aka daina asusun haɗin gwiwa da ake raba kuɗin auduga daga cikinsa, aka koma cajin kowane manomi kuɗin ƙasa da ruwa, sannan dokar shirin Jazira ta 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da yake so, ta kuma ɗora kula da ƙananan magudanu a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Bayan 'yan shekaru aka sallami dubban ma'aikata, aka yi watsi da layin dogo da ma'aikatun gyara, wasu aka sayar. A baki dokar tana da daɗin ji, domin ba wanda zai so a ci gaba da juya manomi kamar lebura a gonarsa, amma magudanun an gina su ne domin a shuka abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma Shuɗin Nilu yana ɗauko laka mai yawa daga Habasha tsakanin Yuli da Satumba, wadda idan ba a yashe ta kowace shekara ba sai ta cike hanyoyin, ciyawa ta biyo baya. Da aka cire sufeto ba a kafa wata hukuma mai ƙarfinsa a gurbinsa ba, mahalliya kuwa ba ta da kuɗi ko injinan yasar magudana, ba kuma aikinta ba ne. Sakamakon shi ne ƙishirwa a ƙarshen magudanu, ambaliya a farkonsu, da manoma suna haɗa kuɗi suna hayar injin haƙa da famfo domin ɗaga ruwan da a da yake zuwa da kansa.

Garuruwan kuwa mafi yawansu sun girmi shirin, kuma kogi da malamai ne suka kafa su. Wad Madani ta samo sunanta daga wani malami da ya kafa makarantar allo a wurin tun zamanin daular Funj ta Sinnar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, sannan Turkawan Masar suka mai da ita sansanin soja bayan sun ci ƙasar. Layin dogo daga Khartum ya iso ta a 1909, auduga ta kawo mata kuɗi da ma'aikata daga ko'ina, har ta zama birnin da 'yan boko suke taruwa. A ƙungiyar adabi ta garin ne Ahmad Khair ya kawo shawarar kafa Majalisar 'Yan Boko da aka ƙaddamar a 1938, wadda ta zama tushen neman 'yancin kai. A nan cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa take, da Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975. A ƙetaren kogi, inda gada ta haɗa birnin da hanyar Gadarif da Port Sudan, akwai Hantub, wadda makarantar sakandarenta ta yaye Ja'afar Numeiri da Hassan al-Turabi da Muhammad Ibrahim Nugud, mutum uku da daga baya suka ja Sudan zuwa kusurwoyi uku mabambanta.

Idan aka bi kwalta daga Madani zuwa Khartum, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba, Hasahisa ce babban gari na farko, mai masana'antar gurzar auduga da masaƙar da ƙasar Sin ta gina. Mahalliyarta ce ta fi kowacce ɗauke da tarihi. Kusa da ita akwai Arbaji, wadda ta kasance babbar kasuwa tun kafin kafuwar Sinnar, aka rushe ta a ƙarshen ƙarni na 18, sai Musallamiyya ta gaje ta a matsayin matattarar fatake. A wannan yanki ne Shehu Ƙurashi Wad Zain na ɗariƙar Sammaniyya ya zauna, wanda Muhammad Ahmad ya yi wa mubaya'a kafin ya ayyana kansa Mahadi a 1881, kuma a lokacin gina hubbaren shehin ne ya haɗu da Abdullahi, wanda ya zama halifansa. Yankin ƙasar ƙabilar Halawin ce, kuma daga cikinsu Abdulƙadir Wad Habuba ya fito ya yi wa Turawa tawaye a 1908, aka kama shi aka rataye a shekarar. Har yau akwai gundumar mulki mai ɗauke da sunansa. Daga yamma akwai Ɗabat, garin shehunan Sammaniyya, da Abu Ƙuta da Mihairiba a cikin gonaki. Kamlin da ke gaba ta fi karkata ga Khartum, domin a cikinta ne yankin masana'antu na Baƙair da birnin Jiyad mai harhaɗa motoci suke, sai kuma Masid, tsohuwar cibiyar karatun Alƙur'ani.

Gabashin kogi wata ƙasa ce daban, ko da yake sunan jihar ya lulluɓe ta. Gefen Buɗana ne, filin kiwo na ƙabilun Shukriyya da Baɗahin, kuma ruwan madatsar Sinnar ba ya zuwa nan ta magudanun Jazira. Rufa'a ce hedikwatar Gabashin Jazira, tana fuskantar Hasahisa daga ɗaya gaɓar, kuma gidan Abu Sin, shugabannin Shukriyya, suna da tushe a cikinta. A garin ne Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa a 1907, ta farko da ɗan ƙasa ya kafa a Sudan, a lokacin da jama'a da Turawan mulki duk suke ɗari-ɗari da abin. Tambul, can cikin Buɗana, kasuwar raƙuma da tumaki ce da ake zuwa daga nesa, Junaid kuma tana da masana'antar sukari da ta fara aiki a 1962, wadda ita ma manoma 'yan haya ne suke noma mata rake da ruwan famfo. Abu Haraz, kusa da inda kogin Rahad yake shiga Shuɗin Nilu, gari ne na hubbarorin shehunan Arakiyyun 'yan Ƙadiriyya. Ummul Ƙura kuwa jingine take da wani shirin daban, na Rahad, wanda aka buɗe a 1977, hedikwatarsa tana Fawo a jihar Gadarif, kuma ƙauyukan da aka gina wa manomansa lambobi aka sa musu. Ke nan mutumin wannan mahalliya takardar shaidarsa tana fitowa daga jiha ɗaya, ruwan gonarsa ana sarrafa shi daga wata.

Manaƙil, kimanin kilomita 60 yamma da Madani, ita ce garin da shirin ya ɗaga daga ƙaramar kasuwar makiyaya zuwa birnin 'yan kasuwa, mai matatun man gyaɗa da injinan niƙa. Hawasha a nan ƙarama ce, fadan 15, alhali a tsohuwar Jazira an kai ga ba mutum fadan 40, kuma da yake yankin yana nesa da kogi, ƙauyuka da yawa sun daɗe suna shan ruwan magudana, abin da ya sa cutar tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka zauna da gindinsu. Kudancin Jazira ta ƙunshi Barakat da Haj Abdullah da Hosh da Wad Haddad, inda tsofaffin sassan shirin suke.

Akwai kuma sarautun gargajiya, nazir a sama, umda a tsakiya, shehun ƙauye a ƙasa, kusan yadda muke da hakimi da dagaci da mai unguwa. Numeiri ya soke ikonsu a farkon shekarun 1970, an dawo da su daga baya, amma a cikin filin shirin ba su taɓa yin ƙarfin da suke da shi a Kurdufan ko Darfur ba, tunda rabon ƙasa, wanda shi ne ƙashin bayan sarauta, ya riga ya koma ofishin Barakat. A Buɗana ne maganarsu ta fi nauyi.

Mutanen da suka fi damuna a wannan lissafi su ne waɗanda babu su a ko ɗaya daga cikin waɗannan rabe-rabe. Tun daga farko masu hawasha ba su iya noman fadan 10 na auduga da iyalansu kaɗai, musamman lokacin tsinka daga Janairu zuwa Afirilu, don haka aka riƙa jawo 'yan ƙwadago daga Darfur da Kurdufan da Chadi da ƙasar Hausa da Barno. An bar su su kafa bukkoki a gefen magudana ko a wani lungun da ba a nomawa, a kan cewa zama ne na wucin gadi, kuma wannan matsuguni shi ake kira kambo, jam'insa kanabi. Yau akwai kanabi da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka kafa su ne suke ciki, amma da yawansu har yanzu ba a yi musu rajistar ƙauye ba, domin filin da suke kai na shirin ne ko na wani mai hawasha. Wurin da ba shi da rajista ba a ware masa makaranta ko asibiti ko famfon ruwa, mazauninsa ba ya samun takardar mallakar gida, wani lokaci ma wurin binne mamaci sai an roƙa. Za ka ga turakun lantarki sun wuce ta saman kambo zuwa ƙauyen da ke gaba, mata kuma suna ɗiban ruwan sha a tur'ar da ake wa auduga feshi a gefenta. Alhali a yau yawancin aikin gona a hannun waɗannan mutane yake, ta hanyar yarjejeniyar raba amfani da masu hawasha waɗanda da dama daga cikinsu sun koma birni ko ƙasashen Larabawa na Gulf.

Hausawa suna cikin wannan labari tun daga tushensa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a wajajen 1906. Garin yana cikin jihar Sinnar ne a yau, amma daga nan ne aka riƙa samun ma'aikata a lokacin gina madatsar da kuma noman auduga, kuma alhazan da suke tafiya a ƙasa sukan yada zango a Jazira su yi ƙwadago na shekara ɗaya ko biyu domin haɗa guziri, wasu kuma zangon ya zama zama. A lokacin karyewar tattalin arziki na shekarun 1930, da wasu 'yan ƙasa suka watsar da gonakinsu saboda faɗuwar farashin auduga, an ba mutanen Afirka ta Yamma hawasha, amma da harka ta gyaru sai ƙofar ta fara rufewa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ƙarshen shekarar 1897 a matsayin ma'auni, wanda ya bar zuriyar mutanen Burmi da waɗanda suka biyo bayansu a waje, kuma ko da yake an sassauta dokar daga baya, tabonta bai goge ba. Hausawan da suke da unguwanni a Wad Madani da ƙauyuka a bakin kogi, masu noman lambu da kamun kifi da sayar da agashe, sun fi na kanabi kwanciyar hankali, amma rikicin da ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, ya nuna yadda batun wa yake da suna a rajistar ƙasa yake iya zubar da jini.

Yaƙin da ya fara a Afirilun 2023 ya fara mai da Wad Madani mafakar dubun-dubatar mutanen Khartum, sannan dakarun RSF, rundunar da take yaƙi da sojan gwamnati, suka kama ta a watan Disamba na shekarar, bayan sun shigo ta gadar Hantub. Manaƙil ba ta faɗa hannunsu ba, kuma can gwamnatin jihar ta koma da zama har zuwa 11 ga Janairun 2025, ranar da soja suka karɓe Madani. A tsakanin nan an yi kisan gilla a Wad Nura a Yunin 2024, an kuma afka wa Tambul da Rufa'a da Hilaliya da ƙauyukan gabas a watan Oktoba, bayan kwamandan RSF a jihar, Abu Aƙla Kaikal, ya sauya sheƙa zuwa ɓangaren soja. Da soja da mayaƙan da suke mara musu baya suka dawo, sai fushi ya faɗa kan mazauna kanabi bisa zargin sun haɗa kai da RSF, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton kashe mutum aƙalla 26 a Kambo Ɗayyiba, cikin mahalliyar Ummul Ƙura, a watan Janairun 2025. An wawashe hedikwatar Barakat da ɗakunan ajiyar iri na cibiyar bincike a Madani, magudanu da dama kuma sun yi damina ba a yashe su ba. Mahalliyoyi takwas ɗin sun koma ofisoshinsu, amma manomin da ke ƙarshen abu ishirin a Manaƙil ko Abu Ƙuta yana jiran injin yasa ne daga hukumar shirin da ma'aikatar ban-ruwa kafin lokacin shuka alkama a Nuwamba, ƙungiyoyin mazauna kanabi kuma suna ci gaba da neman a yanka musu filayen zama a yi musu rajista a matsayin ƙauyuka.